Hatimin da Hokari Ya Buga Kai Ƙasa

Duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a unguwarmu na gan shi ba wando. Ba fariya nake yi ba, sana'a ce ta jawo. Gidan wanka na tarar a gidan miji, da ya mutu ya bar mini shi da tukunyarsa mai cin itace, kujerata kuma tana can sama tsakanin ƙofar maza da ta mata, ina karɓar kuɗin shiga, ina hana a tafi mini da bokiti. Daga kan kujerar nan na ga kansila, na ga likita, na ga shugaban 'yan sanda yana laluben tabaransa a tsugune. Mafi yawansu da zarar sun rataye kwat, abin da ya rage bai kai rabin abin da ya shigo ba. Mutum ɗaya na sani wanda kwat ba ta ƙara masa komai ba, cire ta kuma bai rage masa komai ba. Hokari Tokuji ke nan.

Toku-chan nake ce masa har ya yi furfura, domin tun ina amarya uwarsa ke jawo shi ɓangaren mata tana dirje masa kunnuwa yana tsala ihu. Ubansa mai goge cokula ne, kamar rabin mazan garin. A lokacin kowane lungu ka leƙa akwai rumfa, inji na kuka a ciki, mutum ya shiga da safe da fuskarsa, ya fito da yamma baƙi ƙirin sai idanu. Su suka rufa mini asiri, don mai goge ƙarfe ba ya kwana bai yi wanka ba, matarsa ma ba za ta bar shi ya taka tabarma ba. Ƙurar ce ta cinye huhun uban. Uwar ta rantse ɗanta ba zai zauna gaban inji ba. Da ya gama sakandare ta saya masa kwat wadda ta fi shi faɗi, ta tasa shi gaba har ƙofar bankin unguwa, ƙaramin bankin nan da iyayenmu masu shaguna suka haɗa hannu suka kafa, saboda manyan bankuna ba sa kallon mai baƙin farce.

Babur suka ba shi da baƙar jaka. Aikinsa ya bi gida-gida yana karɓar ajiyar wata, kuma ba a karɓar ajiya a tsaye. Sai ka cire takalmi, ka durƙusa, a kawo shayi, a ba ka labarin ciwon gwiwa da na matar ɗa da ba ta iya miya ba, sannan a je ƙasan akwatin tufafi a ciro ambulan. Ban san ɗan adam ɗin da ya sha shayi kamar Toku-chan ba. Babu makewayin da bai sani ba a unguwar nan. Ga ladabi kamar ciwo. Yana rusuna wa wayar tarho, kuma da idona na ga ya yi karo da keken wani a jingine, ya ce wa keken a yi haƙuri.

"Toku-chan," na ce masa wata rana, "ranar da ɓarawo ya shiga gidanka, kai za ka riƙe masa fitila."

"In dai ya cire takalmi, Okami-san," in ji shi, don haka ake kiran uwar gida mai sana'a a wurinmu. Iyakar barkwancinsa ke nan, shi ma sai da ya yi ja har kunne.

Abin da ya sami kuɗin ƙasar nan kowa da yadda yake ba da labarinsa, ga nawa daga inda nake zaune. Wasu manya suka taru a wani otal a ƙasar waje suka ce yen ta yi arha, a ɗaga ta. Ta ɗagu kuwa, har cokalinmu ya fi ƙarfin Ba'amurke, rumfuna suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Don a lallashe mu sai Babban Banki ya karya kuɗin ruwa, kuɗi suka ɓalle kamar an fasa madatsa. Bankuna suka dinga bin mutane suna roƙo a ci bashi. Mai gawayi ya zama mai filaye. Wani ɗan kwangila ya ciwo bashin da zai sayi unguwar nan sau biyu, ya je ya aske kan dutse wai filin wasan golf zai yi. Ni ma an zo mini, wai in rushe gidan wanka in gina bene. Na ce wa mai kwat ɗin da aka aiko ya fara koyon wanke bayan wuyansa. Can Babban Bankin ya farka a firgice ya ƙara kuɗin ruwan, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, farashin fili ya rikito ya bar kowa riƙe da takarda.

A duk shekarun haukan nan bashi ɗaya ne Toku-chan ya nace sai an ci, shi ne na Tamaki Sueko. Mijinta ya mutu ya bar mata rumfar goge da tsofaffin ma'aikata da 'ya'ya a makaranta, ta ɗaure kai da tawul ta zauna gaban injin da kanta. Toku-chan ya shiga karɓar ajiya ya ji tarin da ake yi a rumfar, tarin ubansa sak. Ya yi ta zarya har ta yarda ta ci bashi, aka kafa mata injin zuƙe ƙura, aka sake rufi. Filin da rumfar da gidan suke kai shi ne jingina. Irin bashin nan ne da ake sabunta takardarsa duk rabin shekara. Kina biyan ruwa, uwar kuɗin tana zaune inda take, haka ake yi tun zamanin iyayenmu, ba wanda ya taɓa kawo wa ransa wata rana za a ce a kawo ta gaba ɗaya. Sueko kuwa ko watan da aka yi mata aikin ido ba ta makara da biya ba.

A kakar 1997 manyan bankuna suka fara kifewa. Muna kallo a talabijin, masu kwat suna rusunawa, jama'a sun yi layi a ƙofa. Gwamnati ta fito da awo: kowane banki sai jarinsa ya kai kaza a kan abin da ya bayar bashi, in bai kai ba a taka masa wuya. Namu ba shi da inda zai samo jari, don haka sai ya rage bashi. To a wurin wa za a karɓa? Mai filin golf ba shi da komai sai dutse mai sanƙo, in aka taɓa shi ma asarar ce za ta fito fili. Sai aka juyo kan masu biya.

Wanda aka aiko ya yi aikin a bazarar da ta biyo baya shi ne sabon manaja, Enomoto, ɗan birni. Toku-chan ya girme shi nesa ba kusa ba, amma Hokari-kun yake ce masa kamar ɗan aike. Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne mai gyambon ciki, aljihunsa cike da garin magani, an ce masa ya rage kaza kafin a rufe lissafi a ƙarshen Satumba, ko kuma shi a rage shi. Da Sueko ya fara. Ya kira ta ofis ya ba ta shayi ya ce ta soma shiri, wannan karon ba za a sabunta ba. Shirin me? Abin da take da shi na sayarwa shi ne ƙasar da take kwana a kai.

Amma faɗa da baki ba ya komai a banki, sai takarda ta zagaya kowa ya buga hatiminsa. Gidajen buga hatimin a jere suke a kan takardar, na ƙarami a dama, na manaja a can hagu. Ƙanana kuma ba sa buga nasu a miƙe, sukan ɗan karkata shi wajen hagu don sunan ya rusuna wa na babba. Shekara da shekaru hatimin Toku-chan ya fi na kowa rusunawa, har 'yan matan kantar banki na cewa wata rana zai faɗi. Gidan farko nasa ne, tunda shi ke shiga gidan Sueko. Aka ajiye masa takardar. Ya karanta, ya dangwala hatimin a jar tawada, ya buga shi kai ƙasa.

Labarin ya iso ni kafin tawadar ta bushe, don biyu daga cikin 'yan matan kanta a wurina suke wanka. Ƙaramar ba ta ma san ma'anarsa ba, sai da babbar ta raɗa mata: wanda ya kife hatimi cewa yake yi, na buga don an sa ni, amma ban yarda ba. Kowa ya taɓa jin ana yi, ba wanda ya taɓa gani.

"Hokari-kun, hannunka ya goce," in ji Enomoto.

"A yi haƙuri, Manaja."

Aka sake buga takardar, aka kawo masa. Ya dangwala, ya kife.

"Idonka ne ya fara lalacewa?"

"Idona lafiya lau, Manaja. A yi haƙuri."

"To mene ne wannan?"

"Sunana ne, Manaja. A kan wannan takardar haka yake iya tsayawa."

Takarda mai kifaffen hatimi ba ta tafiya hedkwata cikin ruwan sanyi. Masu binciken gwamnati na tafe, kuma irinta suke fara cirowa su tambayi dalili. Ba a tsallake gidan farko, sauya mai gidan kuma sai hedkwata, ita kuwa ba ta sauya wa mutum aiki sai Afrilu. Enomoto ya sa aka sake takardar, aka sake, aka kuma sakewa. Damina ta shiga ta fita, zafi ya sauka. Aka daina gaishe da Toku-chan a ofis. Aka ɗauke teburinsa aka kai bakin ƙofar makewayi. Ya ce ya gode, ya fi masa kusa. Sueko kuma ta bi sauran bankunan garin da tufafinta na zuwa biki, kowanne ya raka ta har ƙofa da ladabi. Ni na san ba ta ci ba ta barci, don haƙarƙarinta nake gani.

Sai Enomoto ya tuno dabarar manyan da: in na ƙasa da kai ya yi taurin kai, ka kai shi wanka, ku tuɓe tare, ka cuɗa masa baya, in babu kwat babu muƙami sai a yi magana ta zuciya. Ya tambaya aka ce a wurina Hokari ke wanka. Ranar Asabar, ina rataye labulen ƙofa alamar an buɗe ke nan, rana ba ta yi sanyi ba, sai ga su. Enomoto ya leƙa ɓangaren maza ya ga ba kowa, don maza ba su tashi aiki ba, ya yi murmushi ya biya na mutum biyu. Mutumin da ya tashi a bene da bahonsa a gida, me ya sani? Bai ɗaga kai ya ga bangon da ya raba maza da mata bai kai rufi ba, ta samansa miji ke miƙa wa matarsa sabulu. Bai kuma san ruwan farko na mata ba ne, sun fi son sa tun bai ga dattin kowa ba. A ranar kusan duk matan lungunmu suna ciki, har da Sueko da ta tashi rabin yini, da matar mai awara, wadda in ta yi magana ana ji a tasha. Ɗakin wanka kuwa ko raɗa aka yi sai ya amsa.

"Zauna, Hokari-kun, yau ni zan cuɗa maka."

"Haba Manaja, ina ni ina..."

"Zauna. Nan babu manaja. Kai, bayanka duk ƙashi ne. Matarka ba ta ba ka abinci?"

"Tana bayarwa, Manaja."

"Ka san ni ma ina da 'ya'ya. Kana tsammani daɗi nake ji? In ba mu kai awon nan ba rufe mu za a yi, kowa ya rasa, har matar da kake tausayi. Gidaje kaɗan za a taɓa don sauran su tsira."

"Waɗanne gidaje, Manaja?"

Ya kuwa jero su, yana cuɗa yana jerowa.

"Tamaki tukuna. In ta biya sai mai awara, filinsa a bakin titi yake. Sai mai gyaran keke, sai gidan masu tabarmi. Dukkansu suna da abin sayarwa."

Daga kujerata ina ganin ɓangarorin biyu. Mata sun ƙame kamar an ɗauke su hoto, wata da kumfa a ka, wata ta ɗaga bokiti ta manta ta juye. Sueko ta toshe bakinta da tawul.

"Mai filin golf fa?" in ji Toku-chan.

"Shi me za a karɓa?"

"Ashe laifinta tana biya."

"Ba laifi ba ne, lissafi ne. Ka miƙe hatimin nan, akwai kujerar mataimaki a Afrilu. 'Yarka tana jami'a, ko ba haka ba?"



"Manaja, ni na ce ta sayi injin. Na durƙusa a ɗakinta gaban hoton mijinta, na sha shayinta, na ce muddin tana biya banki ba zai juya mata baya ba."

"Banki ba ya shan shayi, Hokari-kun."

"Ni na sha, Manaja. A yi haƙuri. Na gode da cuɗa."

Sai muryar matar mai awara ta tsallako bango.

"Manaja! Ka bar masa gefen hagu ba ka cuɗa ba! In ka gama da shi ka zagayo ka cuɗa mana mu ma, tunda ka san abin da kowa ke da shi na sayarwa!"

Mata suka hau buga bokitai a ƙasa. Enomoto ya fito riƙe da ɗan tawul da bai rufe rabin matsalarsa ba, ya zura wando a jiƙe.

"Manaja, ba ka shiga ruwan zafin ba," na ce. "Ka dawo ranar Talata, ganye muke sa masa, yana maganin ciki."

Ya suri kwat ɗinsa ya fice.

Ranar Lahadi aka yi ta shiga gidaje ana fita. Litinin da safe, kafin a ɗaga ƙofar banki, mun jeru a bakin titi, kowacce da lemarta da littafin ajiyarta a hannu inda za a gani. Ba mu ce za mu cire kuɗi ba. Ba mu ce komai ba. A shekarar nan babu abin da banki ke tsoro kamar layi a waje, ko gobara ba ta kai shi ba.

Enomoto ya fito yana rusunawa kamar za a karya shi biyu.

"Baƙinmu masu daraja, ku shigo ciki mana. Akwai sanyi, akwai kujeru, an dafa shayi."

"Iska muke sha, Manaja," in ji matar mai awara.

"To me za a yi muku?"

"Muna tunani tukuna."

Amma mutanenmu da layi sai a hankali. In suka ga biyar a tsaye sai su bi baya, sai sun kai gaba su tambayi me ake rabawa. Wata mai goyo ta tsaya, direban tasi ya faka ya tsaya, masu zuwa asibiti suka fasa. Kafin hantsi layin ya karya kwana ya wuce shagon magani, kuma na bayan ba iska suka zo sha ba. Na ji wani yana ihu a wayar bakin titi, wai a kawo masa hatimi da littafi, bankin ya tafi. A ciki wayar hedkwata tana ta ƙara, ba mai ɗauka.

Sai ga babur. Toku-chan ya sauka bai ko kafe shi ba, ya bar shi ya faɗi. Ya zo gabana, ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

"Okami-san! Wa ya sa ku?"

"Kai, ashe kana da maƙogwaro. Taya ka muke yi, sakarai."

"Taya ni? Kina tsammani kuɗinku na kwance a akwatin ƙarfe suna jiranku? Suna cikin injin Tamaki-san, suna cikin tukunyar awara, suna cikin bututun hayaƙinki! In waɗannan duka suka ce a ba su yau, kafin yamma an sauke ƙofa. Bashin kuma a sayar wa masu karɓa daga Tokyo, waɗanda ba sa cire takalmi."

"To mu koma gida mu jira a zo a auna filayenmu?"

"Ban ce ba."

"To me ka ce? Tun damina kake kifa hatimi, me ya hana? Satumba dai tana tafe."

 Ya dubi ƙarshen layin da ba a hangowa, sannan ya juya ya nufi Enomoto a bakin ƙofa, ya rusuna masa sosai yadda ya saba. Ƙasa-ƙasa ya yi maganar, amma kunnena ya saba tsinto zance cikin ƙarar ruwa.

"Manaja, na san sunan kowa a layin nan, na san na uwarsa. Zan iya mayar da su gida. Ƙarya ce kawai ba zan yi musu ba. Me zan ce?"

"Barazana kake yi mini?"

"Tambaya nake yi, Manaja. Layin ba nawa ba ne. Da an nemi shawarata da ba a yi shi ba."

Enomoto ya dubi titi, ya dubi wayar ta cikin gilashi, ya dafe cikinsa.

"Ka ce za a sabunta."

"Na Tamaki-san kaɗai?"

"Duka. Wannan zagayen. Na gaba ban sani ba."

"Haka zan faɗa, har da ban sani ba ɗin."

Haka kuwa ya faɗa. Ya bi layin mutum-mutum, yana kiran kowa da sunansa, yana tambayar gwiwar wannan da jikan wancan, yana cewa bankin na nan, wanda ke son kuɗinsa ya shiga a ba shi, babu mai hana shi. Wasu sun shiga sun kwashe, sai da ya yi makonni yana bin su a babur yana shan shayi kafin su dawo da su. Mu kuma muka naɗe lema. Sueko ba ta cikin layin, tana da cokulan da za ta kai. Da aka je aka faɗa mata, ta kashe injin, ta zauna a ƙasa cikin ƙura, can ta tashi ta kunna.

Toku-chan ya daɗe yana ajiye kuɗin wanka a gabana ba gaisuwa. Har yau yana cewa saura ƙiris mu kifar da bankin, ni kuma ina cewa hatiminsa shi kaɗai da bai kai ko'ina ba. Ba wanda ya janye, ba kuma mai niyya.

Zagaye na gaba bai zo yadda aka ji tsoro ba. A cikin kakar nan gwamnati ta ga ƙananan masu sana'a suna zubewa ko'ina a ƙasa, ta ce ta tsaya musu: duk bankin da ya ba su bashi, in sun kasa, ita za ta biya. Zo ka ga abin dariya. Enomoto da kansa a ƙofar rumfar Sueko, da kwalin alewa a hannu, yana tambaya ko tana buƙatar ƙari. Ta bar shi a tsaye har ta gama tulin da ke gabanta, sannan ta ce za ta yi shawara da Hokari-san.

Afrilu ta zo da sauye-sauye. Enomoto ya koma hedkwata, wato ya hau sama. Toku-chan kuma aka karɓe jaka da babur, aka ba shi hula da usur da jar sanda, aka ce ya kula da wurin ajiye motocin reshen. Ba a korar mutum a wurinmu, ajiye shi ake yi inda kunya za ta kore shi. Aka rage albashi. Matarsa ta daina zuwa kasuwa lokacin da mutane ke zuwa. 'Yar ta kama aikin kanti don ta ƙarasa karatu.

Sueko ta tare shi a zaurena, inda ake shan madara bayan wanka.

"Hokari-san, ka bar musu hular nan. Ina neman mai riƙe mini ofis. Ba zan iya biyan abin da suke biya ba, amma a rumfata babu mai nuna ka da baki."

"Karɓi, Toku-chan," na ce daga sama. "Hular ta mai da kai kamar naman kaza."

Ya shanye madararsa, ya mayar da kwalbar inda ake mayarwa.

"Na gode, Tamaki-san. Amma akwai sababbin ma'aikata a reshen nan da suka ga abin da na yi. In na tafi za su ce, wanda ya kife hatimi tafiya yake yi. Gara su gan ni kullum da safe. Su gaishe ni ko kada su gaishe ni, ina nan."

"A cikin dusar ƙanƙara?"

"Akwai shebur."

Ya zauna kuwa har ritaya. A tsakani aka haɗe bankinmu da na garin gaba aka sake masa suna, aka kuma haɗewa aka sake wani sunan da ba ya kama da komai. Babban Banki ya yi ta sauke kuɗin ruwa har ya kai shi sifiri, ruwan ajiyata na shekara bai sayi awara ɗaya ba, sai kwalin takardar goge hanci suke ba mu, ka ga sun san abin da muke buƙata. Ana sauya allon suna a saman ƙofa, shi yana ƙasa da shebur. Mutane kuwa in an ba su wani sabon abu a ciki, wai a zuba kuɗi a dala ko a inshora, sai sun fito sun nuna masa tukuna. Yakan ce shi mai gadin mota ne, sannan ya sa tabarau.

Wata safiya a sanyinsa na ƙarshe a wurin, ina dawowa daga asibitin gwiwa, na ga baƙar mota ta shigo. Enomoto ne a baya, ya zama darakta, ya yi tumbi duk da gyambon. Direban ya nufi gurbin da ke bakin ƙofa. Usur ya tashi. Toku-chan ya sha gaban motar da jar sandarsa, ya rusuna.

Enomoto ya sauke gilashi.

"Hokari-kun, ba ka gane ni ba?"

"Na gane, Darakta. Ma'aikata a baya suke fakawa. Nan na abokan ciniki ne."

"Ai babu kowa a wurin."

"Tana zuwa."

Motar ta ja baya ta zagaya lungu inda ba a kwashe ƙanƙarar ba, Darakta ya tako da takalmin birni yana zamewa yana dafa bango. Can sai ga tsohuwar a-kori-kurar Sueko, bayanta cike da kwalayen cokula, ɗanta na tuƙi, ita tana gefe tana yi masa faɗa ya yi a hankali da kwana. Toku-chan ya ɗaga sanda ya shigar da su gurbin.